Jan Zaren Kawu Manzo

Kawu Manzo ba ya amsa gaisuwar mutum sai ya shinshina shi. Ku da kuka zauna da shi kun san ban ƙara gishiri ba. Za ka durƙusa ka ce, "Baba Manzo, ina kwana?" shi kuma ya lumshe ido, ya turo dogon hancin nan nasa, ya ja iska a hankali kamar mai kurɓar kunu da zafi. Sai ya gama sannan ya faɗa maka daga ina kake.

"Gamkalley. Ka taka albasa, ka ci soyayyen kifi, ba ka rago min ba. Lahiya lau."

Ni kuwa in na dawo daga lise, makarantarmu ta sakandare, tun ina zaure zai ce, "Alli, tawada, da fushi. Wa ya taɓa min Madmazel Bit-Bit yau?" Sunan da ya laƙa min ke nan, don tun da na shiga lakwal, makarantar boko, bakina ya kama "bit, bit", wato maza-maza da Faransanci. Shi kuwa mutum ne da in ya fara ɗaura rawani da hantsi sai an kira azahar. Yayan Inna ne, gida ɗaya muke a unguwar Yantala, nan Yamai, kuma ban taɓa ganin mutum biyu da Allah ya haɗa don su gwada haƙurin juna kamar ni da shi ba.

Shekara guda ke nan da rasuwarsa. Inna ta ce tunda ni aka ɓata wa lokaci a lakwal, ni zan rubuta abin da za a karanta wa ƴan'uwa na Damagaram da ba su samu zuwa ba. Na ce to, amma gajere zan yi. Za ku gani, ko yanzu da ba ya nan sai da ya sa na daɗe.

Teburinsa yana Babbar Kasuwa, bayan masu yadi. Turare ɗaya tak yake sayarwa, na maza, a cikin ƙananan kwalaben magani da ya wanke. Ƙamshin icce ne mai nauyi, kamar ka buɗe tsohon akwatin katako da aka adana rigunan Sallah, can ƙasa kuma da wani ɗan hayaƙi mai daɗi da ba ya fitowa sai jiki ya yi ɗumi. Ga araha, ɗan dako ma yana saya ya rage na goro. Mutanen kasuwa suka sa wa turaren suna Ko-Ba-Ka-Je-Ba, don in ka shafa ka shiga sahu ranar Juma'a, na kusa da kai zai ɗauka jiya ka sauka daga Makka.

Yawancin abin da ke ciki na nan gida ne: man riɗi, saiwar jema, kajiji, ɓawon hano, ɗan kanumfari, a bar su su jiƙa wata da watanni. Amma ran turaren guntun iccen ud ne. Kakanmu ne ya zo da shi. Ya tafi Makka da ƙafa ta Sudan, ya yi shekaru har an fara raɗe-raɗin raba gadonsa, sai ga shi ya dawo ba raƙumi, ba takalmi, sai wani baƙin icce taƙi guda a cikin tsumma. Da na yi wayo iccen bai fi tsawon yatsa ba. Kusa da ƙarshensa Kawu ya ɗaura jan zare, ya ware abin da bai wuce ƙwallon dabino ba.

"Daga nan zuwa zare," in ji shi, "na talakawan Yamai ne. Daga zare zuwa ƙarshe nawa ne. Da shi za a turara min likkafani. Duk wanda ya taɓa, ni da shi a lahira."

Kowa ya san wannan magana, har ƴan tallan da ke wucewa.

Yadda yake sa ud ɗin kuwa, nan ne rigima. Yana da wani ɗan dutse mai santsi. Zai ɗiga mai a kai, ya ɗora iccen, ya fara gogawa yana karanta gajeriyar sura. Sura ta ƙare, hannu ya tsaya. Abin da ya gogu shi ne rabon tulun gaba ɗaya. Ba roƙon da ba a yi masa ba, musamman Sanda, shofer ɗin kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Dosso, wanda kullum yana da zance a wani gari kuma har yau bai yi aure ba.

"Baba Manzo, don girman Allah, yau ko izu guda ka ja mana. Yarinyar nan ɗiyar Alhaji ce."

"Izu? In na ja izu kai kaɗai za ka yi aure a garin nan. Sauran fa, da warin gazuwal ɗin mota za su je?"

Sanda bai daddara ba. Rannan sai ga shi da wani tsohon malami mai jan karatu, irin wanda in ya fara bismilla shayi kan huce kafin ya kai ƙarshenta. Ya ce malam ne zai yi karatun yau, Kawu ya goga kawai, lada ya fi yawa. Kawu ya ce madalla. Ya shimfiɗa wa malam buzu, ya ajiye icce a gefe, ya naɗe hannu yana saurare har da gyaɗa kai. Malam ya ja, ya ja, ya kai ƙarshe. Kawu ya shafa, ya ce, "Allah ya ƙara sani." Sannan ya ɗauki iccensa ya karanta tasa, fit, ya rufe tulu. Sanda ne ya biya sadakar malam.

Ranar da aka sauke tutar Nasara aka ɗaga tamu, kasuwa ta ce yau kam sai Baba Manzo ya saki hannu. Aka taru a kansa. Ya karanta ƴar surarsa kamar kullum, sai da ya zo amin ya ja ta, "Amiiin," hannu yana tafiya. Shi ke nan.

Sanda ya ce, "Haba Baba! Ƙasa guda ta samu kanta, amin kaɗai za ka ƙara?"

"Mulkin kai aka ba mu, Sanda. Ba a ba mu daji ba."

Akwai kuma wani depite, ɗan majalisa, ba zan faɗi sunansa ba, yana da rai kuma ya san kansa. Ya zo da kwat da karabat ɗaure a wuya a cikin zafin nan na bazara, shofer ɗinsa yana biye da jaka.

"Mushe Manzo," in ji shi, da lakabin girmamawa na Faransanci, "akwai matsala. Jiya a wurin taro aka ce ƙamshina da na shofer ɗina ɗaya ne."

"To madalla, kun dace."

"A'a, ba ka gane ba. Ka haɗa min nawa daban, na manya. Ko ka sayar min da iccen duka, har abin da ke bayan zaren, ka faɗi abin da kake so."

Kawu ya lumshe ido ya shinshina depite, ya juya ya shinshina shofer, ya gyaɗa kai kamar likita. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, abin mai sauƙi ne. Ka bar wanka kwana uku. Wallahi ba mai sake haɗa ku."

Depite ya fita yana huci. Bai daina saye ba fa. Shofer ɗin yake aikowa.

Amma in kuna son Kawu na gaskiya, sai a bakin gulbi. Ranar Lahadi da la'asar yakan ja ni Gamkalley in riƙe masa kwando, ya sayi saiwar jema wurin masu lambu. Cinikin da ba zai ɗauki komai ba sai ya kai mu faɗuwar rana, don da ya wanke saiwar sai ya zauna a kan kifaffen kwalekwale, ya fito da iccen, ya riƙe a ƙasan hanci, ya fara ba ni labarin dajin da ake samunsa. Bai taɓa zuwa ba. Kakanmu ma bai je ba, a Makka wani mutumin gabas ya ba shi. Amma Kawu ya san dajin nan fiye da tsakar gidanmu.

"Can ne gabas da gabas, Bit-Bit, bayan Makka, bayan ruwan gishiri. Ruwan sama a can ba ya ɗaukewa, sai dai ya huta. Itatuwa sun haɗe kai, rana ma sai ta yi sallama kafin ta shiga. Tsuntsu in ya tashi daga reshe, ƙamshi ke zubowa daga fiffikensa. Awakin can kuwa, ko nononsu ka sha..."

"Kawu, bara giwaye ka ce."

"Giwayen sun yi gaba, awaki suka zo. Daji ne, ba aji ba ne, ba a zama wuri ɗaya."

Ya ce iccen in yana lahiya ba ya ƙamshi ko kaɗan, fari ne fat kamar rogo. Sai ƙwaro ya huda shi ko iska ta karya masa reshe, ya yi ta jinyar kansa shekara da shekaru, wurin ciwon ya yi baƙi, ya yi nauyi.

"To sai me?" in ji ni.

"To shi ke nan. Shi kike shaƙa."

Ina mita, ina cewa mu tafi, ina da karatun gobe. Amma ruwan yakan koma ja, ya koma kalar zuma, masu kwalekwale su zama baƙaƙen zane a kansa, jiƙaƙƙiyar jema tana tashi daga kwando, muryarsa tana tafiya sannu-sannu kamar ruwan. Sai in ga tsallaken gulbi ya yi duhu da itatuwan da babu su. Sau da yawa shi ke cewa, "Tashi mana, Madmazel, ba ke ce mai sauri ba?"

Na taɓa aro taswira daga lise don in nuna masa inda ƙasashen suke. Ya karɓa, ya lumshe ido, ya shinshina gabashin duniya kaf. Ya miƙo min. "Takarda da gumin yara. Ba a taɓa ruwa a nan ba."

Wata shekara bayan Sallah ya ce shi fa zai je ya gani da idonsa. Ya ɗaure buta da tabarma da ƙullin ƙuli-ƙuli. Rabin Yantala suka raka shi bakin bak, jirgin fiton nan mai tsallakar da motoci da shanu. Da na ga da gaske shiga zai yi, na ce, "Kawu! Gabas tana bayanka! Nan hanyar Gurma ce, yamma za ka!"

"Ba ke kika ce min duniya ƙwallo ce ba?"

"I, amma..."

"To ta nan ya fi inuwa."

Ya shiga. A tsakiyar ruwa jiri ya ɗebe shi, ya kwanta a kan buhunan albasa ya rufe fuska da rawani. Da aka kai tsallake ya ƙi sauka. Bak ɗin da ya kai shi, shi ya dawo da shi, masu rakiya ko watsewa ba su gama yi ba.

Sanda ya tare shi. "Baba, sannu da hanya! Yaya mutanen gabas?"

"Hanya lahiya, na ga bakinta. Sai na tuna jibi Juma'a. Wa zai haɗa muku turare, ku masu tsamin banza?"

Daga ranar yara suka koma kiran sa Alhajin Bak. Yana amsawa, bayan ya shinshina su.

Duk dariyar nan da muke yi, iccen yana ƙarewa. Wata safiya ina gefensa yana gogawa, sai na ga hannunsa ya tsaya alhali sura ba ta ƙare ba. Dutse ya taɓa zare. Ya ƙarasa karatunsa hannu a tsaye, ya goge guntun da bakin riga, ya sa a ƴar jakar fata ya rataya a wuya.

"Rabon talakawa ya ƙare," in ji shi.

Ya sayar da tulun ƙarshe ya naɗe tebur. Teloli suka zo gida, masu lambu suka zo, suka ce ya haɗa ko ba ud, jema da hano ma sun isa, ba wanda zai gane. Ya ce, "Ni zan gane." Ni da ba na iya ganin abu in yi shiru na ce, "Kawu, zare ne fa. Kai ka ɗaura shi. Matsar da shi kaɗan mana!"

"Je ki tambayi masu yadi tsawon likkafani. Ni ba gajere ba ne. Wannan ma da ƙyar zai zagaya ni."

A cikin watannin ne na kawo Isufu gida. Ɗan Tawa ne, anfirmiye, mai jinyar marasa lahiya a gidan likita, kuma ni na zaɓe shi da kaina, kar wani ya ce muku wani abu daban. Mutum ne mai sanyi, sai dai aikinsa ya bi shi har fata: alkol ɗin wanke rauni da maganin ciwo. Don ya rufe, sai ya yi wanka da odkolon, turaren kanti mai warin lemo. Ya durƙusa ya gai da Kawu. Kawu ya ja iska, ya yi tari.

"Gidan likita. An matsa lemun tsami a kai. Yaro, kai ne marar lahiyar ko kai ne mai maganin?"

Bawan Allah ya koma ya dirje jiki da sabulun salo har ya yi fari, ya dawo. Kawu ya lalubo ɗigon da ya rage a gindin tulu ya shafa masa a wuya, ya ce ya je ya zaga kartiye, unguwar duka, cikin rana ya dawo. Ya zaga ya dawo yana gumi. Kawu ya shinshina.

"Gidan likita a bakin daji."

Da Isufu ya tafi na ce, "Kawu, ina son sa, kuma ba hancinka zai aura ba."

"Naki zai aura. Irin nawa ne, ni na san shi."

Ranar ɗaurin aure da safe ina ɗaki, ƙafafuna naɗe da lalle, hannuna ɗaya cikin zunguru, ƙawaye sun cika ni da surutu. An kawo babbar rigar ango gidanmu tun jiya, don Kawu ya ce shi zai turara ta. Na ɗauka hano zai zuba a kasko kamar yadda ake yi wa kowa. Sai wani abu ya shigo ta ƙarƙashin labule. Ƙawaye suka ɗaga hanci suna shinshina. Na san ƙamshin nan tun ina goye, amma koyaushe daga nesa yake, kamar muryar mutum a bayan katanga. Yau sai ga mai muryar ya shigo ɗaki.

Na miƙe. Inna tana "Ke! Amarya ba ta fita!" ni kuwa na riga na kai tsakar gida, ina tafiya kamar agwagwa da ƙunshin lalle, zunguru yana reto. Kawu yana tsugune gindin iccen bedi. Ya kifa kwando a kan kasko, ya shimfiɗa rigar a kai, hayaƙi shuɗi yana fita ta wuyanta. Jakar fatar tana ƙasa, baki buɗe.

"Kawu! Likkafaninka!"

"Yi a hankali, za ki ɓata lalle."

"Ka hana Sanda, ka hana depite, ka naɗe tebur, ka ce duk wanda ya taɓa kai da shi a lahira!"

"To ni na taɓa, sai in yi shari'a da kaina. Na yi tunani ne, Bit-Bit. Gawa ba ta da hanci. Ke kuwa kina da hanci, ga baki. In aka kai ki gidan likita aka ce ɗakin miji ne, wa zai sha mita? Ni."

Na matso kusa da shi. Ya jawo hannuna marar zunguru ya ɗaura min jan zaren a wuyan hannu.

"Zauna. Yau dai kar ki yi sauri. Na kasa zuwa dajin, ga shi ya zo da kansa."

Na zauna a ƙasa kusa da shi, muka lumshe ido. Ban san me ku kuka ji ba, ku da kuke zaure ranar. Ni dai na ji ruwa yana sauka a kan ganyen da ban taɓa gani ba, ƙasa jiƙe, duhu mai sanyi, wani tsuntsu ya tashi. Da na buɗe ido hawaye na bin gemunsa yana murmushi.

"Giwaye ne," ya ce a hankali. "Sun dawo."

Da damina ta zagayo ya kwanta, kwana kaɗan, wata safiya Allah ya karɓi abinsa. Masu wanka suka aiko a ba da turaren likkafani. Aka duba ɗakinsa kaf: tuluna wankakku, dutse, jakar fata ba komai. Wani ya ce a ruga kanti a sayo odkolon. Inna ta ɗora hannu a ka. "Yayana da ya ƙamsasa garin nan, da ruwan lemo za a kai shi?"

Sai ga Sanda, ido jawur, ya shigo har tsakar gida ba sallama. Ya miƙa wa Inna ƴar kwalba, kamar ba komai a ciki.

"Akwai ɗigo a gindi, Inna. Na ɓoye don wani zance. Zancen bai yiwu ba."

Ban san wa ya kai magana kasuwa ba. Kafin a gama wanka lungunmu ya cika. Teloli da zare a wuya, masu lambun Gamkalley da laka a ƙafa, ƴan dako, masu kwalekwale, kowa da ƴar kwalbarsa da ya ƙi yarwa tun da aka naɗe tebur. Depite ya zo, shofer ɗinsa ya zo, kowa da tasa, iri ɗaya. Aka kawo ƙwarya da ruwan ɗumi, kowa ya ɗauraye kwalbarsa ya juye, har mai ya taru a saman ruwan yana ƙyalli. Da shi aka yayyafa likkafanin, ya zagaya shi daga kai har ƙafa, har ya ragu. Isufu kuma ya ruga gida ya ɗauko rigar aurensa ya lulluɓa makara da ita.

Mata ba sa bin gawa, don haka a zaure na tsaya. Suka ɗauke shi suka karya kwana, lungu ya zama ba kowa. Na lumshe ido na ja iska a hankali, yadda yake yi. Albasa, gazuwal, sabon yadi, gumi, ɗan gidan likita. A ƙarƙashinsu duka, daji. Na daɗe a tsaye, ba wanda ya ce in yi sauri.

Zaren yana hannuna har yanzu, ya koɗe.

Allah ya jiƙan Kawu Manzo, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, ka sauke shi a inuwar da ya yi ta ba mu labari, inda ruwa ba ya ɗaukewa sai dai ya huta. In mala'iku sun yi masa sallama ya tsaya yana shinshina, a yi masa haƙuri, zai amsa. Ku kuma da kuke saurare, ku ce amin, ku ja ta kaɗan.